Alhaji Umaru Salaga

Alhaji Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu (an haife shi a Kano wajen shekarar 1858, ya rasu a Kete-Krachi ranar 30 ga Yuni, 1934) malami ne, marubuci, mawaƙi kuma mai fassara, wanda ya yi rubutu da Larabci da kuma Hausar ajami. A Najeriya an fi saninsa da Alhaji Umaru Salaga, a Ghana kuwa ana ce masa Imam Imoru ko Alhaji Umaru na Krachi. A cikin rubuce-rubucensa na Larabci yakan jingina kansa ga Kabi da Kano, wato ƙasar kakanninsa da garin haihuwarsa, daga baya aka ƙara masa da Salaga. Ana lissafa shi cikin manyan marubutan Hausa na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Ya yi waƙoƙi a kan zuwan Turawa, da yaƙin basasar Salaga, da talauci, da annobar murar 1918. Ya rubuta tarihi da al'adun ƙasar Hausa da zube, a lokacin da yawancin malamai ba su ɗauki Hausa harshen rubuta irin waɗannan abubuwa ba, sannan ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙais daga Larabci zuwa Hausa.

Asali da ƙuruciya

Zuriyarsa Kabawa ne da suka zauna a Kano. Mahaifinsa Abubakar malami ne kuma bafatake, yana cikin masu safarar goro tsakanin Kano da Gwanja. An haifi Umaru a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, lokacin da birnin yake cibiyar ciniki da saƙa da rini ta duk daular Sakkwato. Garuruwan da ke kudu da birni, irin su Kura, sun yi suna da karofi da baƙin zane mai sheƙi, kuma tufafin Kano suna cikin kayan da fatake suke ɗauka su yi yamma da su.

A Kano ya yi karatun allo har ya sauke Alƙur'ani. Daga nan ya shiga neman ilimi kamar yadda almajirai suka saba, daga wannan malami zuwa wancan, ya yi shekaru a ƙasashen Sakkwato da Kabi yana karatun fiƙihu da nahawu da luga da adabi. A tsakanin haka yana bin ayari. Wannan ya sa tun yana saurayi ya ga ƙasashen Zabarma da Dandi da Bargu da Mosi da Gurunsi, ya ji harsunansu, ya san sarakunansu da kasuwanninsu. Duk wanda ya karanta abin da ya rubuta daga baya zai ga amfanin wannan yawo, don yakan ambaci garuruwa da hanyoyi da sunayensu irin ambaton wanda ya taka da ƙafarsa.

Littafinsa na farko da aka sani ya rubuta shi a 1877, yana ɗan kimanin shekara ashirin. Sunansa al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, kuma yana koyar da yadda ake rubuta wasiƙa da Larabci: yadda ake buɗewa, da irin gaisuwar da ta dace da kowane mutum gwargwadon matsayinsa, da yadda ake rufewa. Ba abin mamaki ba ne ɗan bafatake ya fara da wannan. Ayari ba ya tafiya sai da malami mai rubuta takardu, kuma bashi da saƙo da amana duk a kan wasiƙa suke tafiya tsakanin garuruwan da ke nesa da juna. Daga baya an buga littafin a Alƙahira, ya yaɗu a hannun almajirai a Afirka ta Yamma.

Hanyar Gwanja da zaman Salaga

Tafiya daga Kano zuwa Gwanja takan ci watanni, a je a dawo kuwa takan kusa shekara. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da biyan fito da garama a hanya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi riƙe wannan fatauci. Suna kai kanwa da tufafi da kayan fata da dabbobi da bayi, su komo da goron da ake samowa daga kurmin Asante. Salaga, wadda take kusa da Kpembe, mazaunin sarautar gabashin Gwanja, ita ce kasuwar da ake haɗuwa. Asantawa ba su barin fataken arewa su wuce zuwa inda goro yake, saboda haka a nan ake saye a nan ake sayarwa. Gari ne mai ƙarancin ruwa, shi ya sa aka cika shi da rijiyoyi, kuma yana ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na wannan yanki.

Amma Umaru bai riski Salaga a ganiyarta ba. A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi, Gwanja ta yi amfani da wannan dama ta fita daga hannun Asante, Asante kuma ta karkatar da goronta zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. Garin ya fara ja da baya tun daga lokacin. Duk da haka akwai babban zango na Hausawa da Wangarawa da Barebari da Yarabawa, akwai masallatai da makarantu, kuma a nan ya yanke shawarar zama wajen 1892, ya buɗe makaranta.

A Salaga ya haɗu da Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suke kira Malam Musa. Krause mutum ne mai binciken harsuna, yana zaune a garin yana ɗan ciniki yana tara rubuce-rubucen ajami, kuma ya bambanta da sauran Turawan lokacin domin ya yi ta sukar gwamnatin ƙasarsa a kan yadda take kau da kai ga cinikin bayi a Togo. Wannan ita ce mu'amalar Umaru ta farko mai tsawo da Bature mai neman ilimin Hausa, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba.

A shekarar 1892 ɗin ne rikicin sarautar Kpembe ya zama yaƙi. Gidaje uku ne suke karɓa-karɓar sarautar, wato Lepo da Singbung da Kanyase. Kabachewura Isifa na gidan Kanyase ya nemi taimakon Dagomba da Nanumba, ya kori Kpembewura Napo na gidan Lepo. Aka washe Salaga, mutanen zango suka watse, wasu suka nufi Yeji, wasu Kintampo, da yawa kuma suka gangara Kete a bakin kogin Volta. Umaru ya ga wannan da idonsa, kuma ya bar waƙoƙi biyu na Larabci da suka shafe shi, Ɗal'ul Munafa'a fi Zikril Munaza'a da Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan. A cikinsu bai tsaya ga ba da labarin yaƙi kawai ba, ya ɗora wa mutanen garin laifi, masu mulki da attajirai har da malamai, yana ganin lalacewar hali ce ta jawo musu abin da ya same su. Masu tarihin Gwanja har yanzu suna dogara da waɗannan waƙoƙi, saboda kaɗan ne shaidun gani da ido da suka rubuta wani abu.

Limancin Kete-Krachi

Wajen 1896 ya bar Salaga ya koma Kete. A lokacin garuruwa biyu ne maƙwabta: Krachi ta 'yan ƙasa, inda tsafin Dente yake, da Kete ta baƙi Musulmi 'yan kasuwa. Jamusawa sun kafa bariki a wurin tun 1894. Da Ingila da Jamus suka raba yankin a yarjejeniyar 1899, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Kete-Krachi da Yendi suka zama na Togo ta Jamus. A ƙarƙashin Jamusawa ne Umaru ya zama limamin Kete, kuma ya riƙe limancin har ƙarshen rayuwarsa, in ban da shekarun da ya yi a tafiye-tafiye.

A nan ya yi aiki da Adam Mischlich, wanda ya fara zuwa Afirka a matsayin ɗan mishan na Basel kafin ya koma aikin gwamnati ya zama shugaban barikin Kete-Krachi. Mischlich yana son Hausa ƙwarai, shi ne ya wallafa ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Ya roƙi liman ya rubuta masa yadda ƙasar Hausa take, liman kuwa ya zauna ya cika takardu masu yawa da ajami. Mischlich ya buga wani kaso a wata mujallar nazarin harsuna ta Berlin tsakanin 1907 da 1909, wani kuma a littafin da ya fitar a 1942. Sunan Bature ne a bangon waɗannan ayyuka, amma ilimin da ke ciki da kuma Hausar ta liman ce.

Rubutunsa na zube

Abin da ya rubuta wa Mischlich ya kasu gida biyu. Akwai tarihin ƙasashe da sarakuna, ciki har da Kano da Katsina da Kabi, da labarin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Tarihin Kabi yana da daraja ta musamman. Yawancin abin da aka rubuta a kan yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 daga alƙalamin malaman Sakkwato da Gwandu ya fito, su kuwa Kabawan Argungu abokan gaba ne a wurinsu. Umaru malami ne da ya yi karatu a cikin daular, amma jininsa na Kabi ne, don haka ya san labarin ta ɓangarori biyu. Bajamushe Heinz Sölken ya fassara wannan tarihi ya buga shi.

Kashi na biyu shi ne bayanin zaman yau da kullum, kuma shi ne wanda ba a cika samun irinsa ba. Ya yi maganar ƙasa da irin shukar da take karɓa, da gero da dawa da auduga da baba, da yadda ake noma da girbi da ajiya a rumbu. Ya yi maganar masaƙa da marina da maƙera da majema da dukawa, da kasuwa da dillalai da kuɗin wuri, da haraji, da aure da haihuwa da suna da mutuwa. Ya yi bayanin bauta ba tare da ɓoye-ɓoye ba: yadda ake kamo bayi, da yadda ake sayar da su, da zaman rinji, da murgu, da 'yantawa. Malaman zamaninsa sun ɗauki irin waɗannan abubuwa sanannu ne, ba su cancanci tawada da takarda ba. Da ba don wani baƙo ya tambaya ba, kuma aka dace wanda aka tambaya mai lura ne, da yawancinsu sun tafi da waɗanda suka san su. A 1973 Douglas Ferguson ya tattara waɗannan bayanai ya mayar da su Turanci a kundin digirinsa na uku a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, kuma tun daga nan masu rubutu a kan tattalin arziki da bauta a daular Sakkwato suke yawan komawa gare su.

Hausarsa a zube mai sauƙi ce, gajerun jimloli, kamar mutum yana zaune yana ba da labari. Ba ta da nauyin Larabcin da ake samu a waƙoƙin wa'azi na wancan zamani. Idan aka tuna cewa sai a 1933 aka yi gasar da ta haifar da littattafan zube na boko irin na Abubakar Imam da Bello Kagara, za a ga cewa liman ya riga su da kusan shekara talatin, sai dai nasa ya tafi Jamus ya kwanta a ɗakunan ajiya, bai shiga makarantun ƙasar Hausa ba.

Waƙoƙin zuwan Turawa

Sau uku ya koma kan wannan batu. Na farko da Larabci a 1899, cikin waƙar Mashra'u Ma'il Khabar, na biyu kuma da Larabci wajen 1900, cikin Nazmul La'ali, na uku da Hausa a 1903, wato Waƙar Nasara. Shekarar ta ƙarshe ita ce shekarar da aka ci Kano a watan Fabrairu, aka ci Sakkwato a watan Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli.

A waƙoƙin Larabcin ya nuna yadda Turawa suka shigo da lallami, suna cewa ciniki ya kawo su da gyaran hanya da hana zalunci, har aka saki jiki da su, sannan suka kafa tuta suka juya suka zama masu gari. Ya jera sunayen garuruwa da ƙasashen da suka faɗa hannunsu ɗaya bayan ɗaya, jeri mai tsawo wanda yake nuna irin labarin da ke isa zango ta bakin fatake da alhazai. Waƙar Nasara ta fi wuyar fahimta. Tana ambaton mazajen da aka karya, irin su Samori da Babatu da Rabe, tana nuna cewa babu mai iya tsayawa gaban bindigar Nasara, kuma tana faɗin wasu abubuwan da talaka ya samu, kamar lafiyar hanya da raguwar hare-hare. Manazarta sun yi saɓani a kan wannan. Wasu suna ganin ra'ayinsa ne ya sassauto bayan ya zauna da Jamusawa, wasu suna ganin habaici ne irin na wanda yake waƙa alhali mai mulki yana jin Hausa. Abin da yake a fili shi ne bai yi kiran a ɗauki makami ba. Da wani mai wa'azi da ake kira Musa ya bayyana a yankin wajen 1904 zuwa 1905 yana kira irin na Mahadiyanci, liman ya yi waƙa yana sukarsa.

Waƙar Talauci da Wadata

A cikin waƙoƙinsa na Hausa wannan ce ta fi shahara. Tana kwatanta matalauci da mawadaci a kowane fagen rayuwa: a taro, a gaban shari'a, a wurin neman aure, a cikin dangi, har a ranar jana'iza. Abin da take nunawa shi ne mutane ba hali suke dubawa ba, abin hannu suke dubawa, maganar mai kuɗi ko ta banza ce a karɓa, ta matalauci ko gaskiya ce a yi dariya. Ba ta bi hanyar waƙoƙin zuhudu da suke yabon talauci ba. Marubucinta ya tashi cikin fatake, ya san abin da rashi yake yi wa mutum, kuma yana ganin neman na kai wajibi ne. An fassara ta zuwa Turanci cikin littafin da Jack Goody ya shirya a 1968 a kan karatu da rubutu a al'ummomin gargajiya, sannan masanin Hausa ɗan ƙasar Poland, Stanisław Piłaszewicz, ya yi nazarinta ya buga a Warsaw.

Fassara

Imru'ul Ƙais mawaƙin Larabawa ne na ƙarni na 6, kafin zuwan Musulunci, ɗan gidan sarautar Kinda. A makarantun zaure na ƙasar Hausa ana karanta waƙoƙinsa tare da na sauran mawaƙan jahiliyya, ba don abin da suke faɗa ba, sai don luga, domin wanda ya iya su ba ya shan wahalar kalmomin tafsiri da hadisi. Yadda ake yi shi ne almajiri ya karanto guntun baiti, malam ya ba shi da Hausa, a wuce gaba. Wannan fassara a baki take tsayawa, kowane malami da irin tasa, ba a rubutawa.

Alhaji Umaru ya rubuta tasa. Ya bi diwanin ya mayar da shi Hausa da ajami. Aiki ne mai wuya, don waƙoƙin cike suke da kufai da raƙuma da dawaki da barewa da hadari da sunayen wuraren hamadar Larabawa, ga kuma zancen mata da giya wanda ba kowane limami zai so a ga ya sa hannu a kai ba. Sai dai Bahaushen da ya bi ayari yana da kalmomin zango da kufai da sirdi da linzami a bakinsa, bai rasa abin da zai kama ba. R. S. Rattray, jami'in mulkin Ingila kuma mai binciken al'adu wanda ya san liman, ya buga wani ɓangare na fassarar tare da Turancinsa a 1934. Tana cikin fassarorin adabi na farko da aka rubuta da Hausa waɗanda ba na addini ba.

Cuta da magani

A zamaninsa ilimin ɗibbu wani reshe ne na malanta, kuma gidan liman wuri ne da marar lafiya yake zuwa. A cikin bayanansa na ƙasar Hausa ya taɓo cututtukan da aka sani da masu maganinsu. Amma abin da aka fi tunawa da shi a wannan fanni shi ne waƙarsa ta Larabci a kan annobar murar da ta game duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Cutar ta shigo Gold Coast ta tashoshin jiragen ruwa wajen watan Satumba na 1918, ta bi hanyoyin ciniki ta yi arewa, ta kashe dubban mutane cikin 'yan watanni. Sunan da ya kira ta da shi na Hausa ne, Tunkuyau. A cikin waƙar ya bi alamominta a jiki, yadda take farawa da yadda take kayar da mai ƙarfi. Yawancin abin da aka sani game da annobar a Afirka ta Yamma daga rahoton likitocin Turawa ya fito, shi ya sa bayanin da ya fito daga cikin zango yake da muhimmanci ga masu tarihin lafiya.

Hajji da ƙarshen rayuwa

A 1913 ya tafi aikin hajji. A Madina ya sadu da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umarul Futi, wanda ya yi hijira zuwa can bayan yaƙin Burmi ya zama madogarar alhazan Afirka ta Yamma, kuma ta hannunsa ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya. A watan Agusta na 1914 sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace Togo daga Jamus, Kete-Krachi ta koma hannun Ingila. Saboda haka sauran shekarunsa a ƙarƙashin tuta ta biyu ya yi su.

Ya ci gaba da karantarwa da rubutu har tsufa. Almajirai suna zuwa masa daga zangunan Gold Coast da Togo, kuma da yawa daga cikinsu sun zama limamai da malamai a Kumasi da Accra da Yendi da Tamale da wasu garuruwa, inda har yanzu ake samun sunansa a cikin salsalar karatu. Ya yi waƙoƙin yabo da na ta'aziyya da na godiya ga shugabannin zango da suka karɓe shi a tafiye-tafiyensa, cikinsu har da Sarkin Zangon Kumasi Malam Salau. Ya rasu a Kete-Krachi ranar 17 ga Rabi'ul Awwal, 1353, wadda ta yi daidai da 30 ga Yuni, 1934, yana da kimanin shekara 76.

Inda rubuce-rubucensa suke

Tsohon garin Kete-Krachi da ya zauna a ciki ba ya nan. Bayan an gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cinye shi, aka mayar da mutane sabon gari a kan tudu. A cikin shekarun 1960 ɗin ne Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta shiga tattara littattafan Larabci da ajami daga hannun malamai, aikin da Ivor Wilks da Thomas Hodgkin suka tsaya a kai, Alhaji Usmanu Boyo kuma ya yi yawon nemowa. Waƙoƙin Alhaji Umaru suna cikin abin da aka fi samu, kwafi bayan kwafi a garuruwa daban-daban. Takardun da ya rubuta wa Mischlich kuwa sun bi ta hannun Sölken, daga baya Piłaszewicz ya fitar da wani kaso daga cikinsu a littafin da aka buga a Berlin a shekarar 2000, da Hausarsu da fassarar Turanci.